Sautin da ke Karya Zuciya a Kasuwar Gure

A kasuwar Gure ta jihar Damagaram, waƙoƙin Larabawa da na Indiya kan tashi daga wayoyin ƴan kasuwa, wasu har su sa mace ƙwalla tana tsakiyar awo. Sirrin yana cikin jerin sautin. Yawancin kiɗanmu na gargajiya sauti 5 ne, wannan kuwa 7: la, si, do, re, mi, fa, sol, amma ana ɗaga sol da rabin taki. Tazarar nan tsakanin fa da sol ita ke tayar da bege. Indiyawa na kiransa Kirwani, Larabawa na da irinsa a Nahawand.

Don haka uwar biki, kafin ki biya mai fiyano, ki faɗa masa: wannan na rakiyar amarya ne, filin rawa kuwa a bar wa kalangu.