Goma Sha Biyu: Adadin Da Ya Yi Wa Alƙalai Da Akawuna Hidima

Dattawan da suka yi aikin akawu a baitulmalin En'e ta Gwandu a Birnin Kebbi, ko ta Argungu, sun san wani sauƙi da ya ɓace ran 1 ga Janairu 1973, ranar da naira ta gaji fam. Sule ɗaya kwabo 12 ne a zamanin nan. Rabinsa sisi, rubu'insa taro, sulusinsa kwabo 4, sudusinsa kwabo 2, duk ba ragowa. Naira kuwa kwabo 100 ce, in aka ce a raba wa mutum uku sai a tsaya ana duban kwabo guda da ya yi saura.

Asirin abin yana cikin adadin kansa. Adadan da ke raba 12 ba saura su ne 1, 2, 3, 4 da 6, ban da ita kanta. In ka tara su za ka sami 16, watau sun ɗara ta. Malaman hisabi suna kiran irin wannan adadi za'idi, kuma 12 ita ce ta fari a cikinsu. Wanda rabe-rabensa suka yi daidai da shi, kamar 6 da 28, shi ne tammi. Wanda suka gaza masa kuwa naƙisi, kamar 10, wadda 1 da 2 da 5 suka ba ta 8 kurum. Wannan kasafi yana cikin littafin Nikomakus Bayunane, wanda Sabitu ɗan Ƙurra ya juya da Larabci a Bagadaza cikin ƙarni na 9.

Amma inda 12 ta fi nauyi shi ne zauren alƙali, wurin rabon gado. Wanda ya karanta babin fara'ili a Risala ya san rabon da aka yanka wa magada shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, da sudusi. Duk inda rubu'i ya gamu da sulusi ko sudusi, asalin mas'ala 12 ne, don babu ƙaramin adadi da zai ɗauke su gaba ɗaya. In sumunin matar mamaci ya gamu da sudusi sai a ninka ta, ta koma 24.

To, ga wurin da malaman makaranta ya kamata su tsaya da almajiransu. A ce mace ta rasu ta bar fadamar shinkafa a bakin gulbin Rima, ta bar miji, da uwa, da 'ya'ya mata biyu. Miji yana da 3 cikin 12, uwa 2, 'ya'ya 8. Tara su, 13 ke nan, rabo ya fi dukiya yawa. Wanda bai ƙware ba sai ya cika wa miji da uwa nasu, ya rage na 'yan matan, alhali kuwa wannan zalunci ne. Hukuncin shi ne auli: a kasa fadamar kashi 13, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa. Ita 13 ɗin taurin kai gare ta, ba ta rabuwa sai da 1 da kanta, shi ya sa akan yi wa dukiya kima da kuɗi tukuna.

Aulin 12 yana kaiwa 13, da 15, da 17. Na 24 sau ɗaya ne tak, zuwa 27, in mutum ya bar mata, da 'ya'ya mata biyu, da uba, da uwa. An ruwaito cewa an tambayi Sayyidina Aliyu wannan yana bisa mumbari, ya amsa nan take cewa sumunin matar ya zama tusu'i, domin 3 cikin 27 ɗaya ne cikin tara.