Takunkumi: Wa Yake Matsewa, Mai Mulki ko Talaka?

'Yan'uwa ɗalibai, duk ɗan manomi a Sanyinna ya san takunkumi: abin da ake ɗaura wa dabba a baki don kada ta yi ɓarna a gona. A siyasar duniya ma haka ake kiran matakin da ƙasashe ke ɗauka don matsa wa gwamnatin da ta danne jama'arta. To, yana aiki kuwa? Mu duba tarihin ƙasarmu.

Ranar 12 ga Yuni 1993 aka yi zaɓen shugaban ƙasa. Alhaji M.K.O. Abiola na kan gaba, sai gwamnatin Janar Babangida ta soke zaɓen. A Nuwamba na shekarar Janar Sani Abacha ya karɓe mulki. Da Abiola ya ayyana kansa shugaban ƙasa a 1994, aka tsare shi, aka rufe wasu jaridu, aka kama masu suka. Ranar 10 ga Nuwamba 1995 kuma aka rataye Ken Saro-Wiwa, mai fafutukar haƙƙin ƙabilar Ogoni, da mutum takwas a Fatakwal.

Washegari Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila ta dakatar da Nijeriya. Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai sun janye jakadunsu, sun daina sayar mana da makamai, sun kuma hana manyan sojoji biza.

Duk da haka Abacha bai saki Abiola ba. Babban dalili shi ne ba a taɓa man fetur ba. Nelson Mandela ya nemi a daina sayen man Nijeriya, amma manyan masu sayen ba su yarda ba, kuɗi suka ci gaba da shigowa baitulmali. Abacha ya rasu kan mulki a Yuni 1998, Abiola ya rasu a tsare wata guda bayan haka. Sai 29 ga Mayu 1999, ranar da mulki ya dawo hannun farar hula, aka janye dakatarwar.

To, da an tsananta fa? Maƙwabciyarmu Nijar ta nuna mana. Can juyin mulki ne ya jawo takunkumin, a Yuli 2023. ECOWAS ta rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar lantarki. Motocin kaya suka yi cirko-cirko a Illela, abinci da magani suka yi tsada, 'yan kasuwar ɓangarorin biyu suka tafka asara. A Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin, sojoji na nan kan mulki, Bazoum na tsare.

Ke nan takunkumi mai sauƙi ba ya girgiza mai mulki, mai tsanani kuma talaka yake fara kayarwa. Don haka idan kun ji labarin takunkumi a rediyo, ku tambayi kanku: daga ina gwamnatin nan take samun kuɗinta, an taɓa wurin? Kuma wa zai kwana da yunwa?