Ko ka sani? Madubin hangen taurari da aka ƙera da tarkace domin masu wucewa a titi

Ko ka san cewa madubin hangen taurarin da ƙungiyoyin masu sha'awar sararin samaniya suka fi fitowa da shi bainar jama'a a yau, wani mai zaman zuhudu ne ya fara harhaɗa shi da gilashin tagar jirgin ruwa da kwali da guntayen katako? Sunansa John Dobson, kuma har gobe da sunansa ake kiran wannan na'ura.

An haifi Dobson a birnin Beijin na ƙasar Sin a 1915, daga baya iyayensa suka koma da shi Amurka. Ya karanta ilimin sinadarai a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya gama a 1943. Da shekara ta zagayo sai ya shiga gidan ibadar 'yan Vedanta, wata ɗariƙa ta addinin Hindu, a San Francisco, ya yi shekara 23 a cikinsu. Mai irin wannan zama ba shi da ko anini nasa na kansa. Da sha'awar ganin taurari ta kama shi a wajajen 1956, ba shi da abin sayen na'ura, sai ya koma tsintar abin da wasu suka yar. Ya sha ba da labarin ranar da ya fara ganin wata ta madubi mai faɗin inci 12 da ya goge da hannunsa, ya ce abin da ya faɗo masa a rai shi ne lallai kowa ma ya ga wannan abu.

Mutane da yawa suna zaton aikin madubin hangen nesa shi ne ƙara wa abu girma. Yana yin haka, amma babban aikinsa tattara haske ne. Ƙofar da haske ke shiga idon mutum, ko a cikin duhu sosai, faɗinta bai wuce milimita 7 ba. Madubi mai faɗin inci 8, wato kimanin milimita 200, yana tara hasken da ya ninka na ido sau 800. Shi ya sa tauraron da ido bai san da shi ba yake bayyana ɓaro-ɓaro. Tsarin yadda hasken ke bi a cikin na'urar kuwa ba na Dobson ba ne, Isaac Newton ne ya fito da shi a Ingila a 1668. Haske yana shiga ta bakin bututu, ya sauka kan wani madubi mai ɗan zurfi da ke gindi, shi kuma ya mayar da shi sama zuwa wani ƙaramin madubi da aka karkata, ƙaramin ya turo shi gefe inda mai kallo zai kara idonsa.

Babban madubin nan shi ne ran na'urar, kuma a kansa Dobson ya ƙarar da ƙarfinsa. Ana ɗora faifan gilashi a kan wani, a zuba ruwa da garin wani dutse mai kaifi a tsakaninsu, a yi ta turawa ana jawowa ana zagayawa, kamar mai niƙa a kan dutse, sai dai a nan na saman ne yake yin zurfi. Ana farawa da gari mai tsakuwa, a yi ta sauyawa zuwa mai laushi, a ƙarshe a goge shi a kan ƙaro har ya yi santsi, sannan a shafe fuskarsa da sanholo siriri. Kuskuren da fuskar za ta iya ɗauka bai kai kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba, amma da hannu ake yi, har yara Dobson ya koya wa.

Inda basirarsa ta fito shi ne mazaunin. A zamaninsa manyan madubai suna zama ne a kan ƙafafun ƙarfe masu nauyi da tsada, waɗanda sai an daidaita su da tauraron arewa kafin a fara kallo. Dobson ya watsar da wannan duka. Bututunsa kwali ne mai kauri, irin wanda magina ke zuba kankare a ciki idan za su yi ginshiƙi. Ya ɗora shi a cikin akwatin katako mai motsi iri biyu kawai: sama da ƙasa, dama da hagu. Ya sa guntayen roba mai santsi a wuraren da katako ke gogar juna, wani lokaci har da tsohon faifan garmaho a ƙarƙashi, ta yadda yatsa ɗaya zai tura bututun, da an saki kuma ya tsaya cak. Shi da kansa yakan ce ba sabon abu ba ne, an daɗe ana ɗora igwa a haka. Bai yi wa tsarin rajistar mallaka ba, ya bar shi ga duk mai so.

Na'urar tana da nata rauni. Ƙasa tana juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka abin da aka saita yana silalewa daga gani cikin minti ɗaya ko biyu, sai an riƙa ɗan tura bututun ana binsa. Wannan ya sa ba ta dace da masu ɗaukar hoton taurari masu dusashewa ba. A ganina wannan ba hasara ba ce, domin ba don hoto aka yi ta ba. An yi ta ne domin a sauke ta daga mota, a dasa a bakin hanya cikin 'yan mintuna, mutumin da bai taɓa riƙe irinta ba ya sunkuya ya gani da idonsa.

Wannan ɗabi'a ce ta raba shi da gidan ibadar. Yawan fitarsa yana nuna wa maƙwabta taurari ya sa aka sallame shi a 1967. A 1968 shi da wasu matasa biyu suka kafa ƙungiyar San Francisco Sidewalk Astronomers, suka riƙa tsayawa a mahaɗar titunan Jackson da Broderick suna kiran masu wucewa su zo su ga wata, ba tare da karɓar ko sisi ba. Daga baya suka ɗauki wani madubi mai faɗin inci 24 suna kai shi gandun daji irin su Yosemite da Grand Canyon. Dobson ya rasu a Janairun 2014 yana da shekara 98.

Ƙungiyoyin da suka gaje shi sun san abin da ke kama zuciyar sabon mai kallo. Akwai zoben duniyar Zuhal, wanda mutane da yawa ke rantsuwa cewa hoto aka liƙa a bakin bututun. Akwai watannin duniyar Mushtari huɗu da Galileo ya gano a 1610, da Zara wadda take raguwa tana cika kamar wata. Su Kaza da 'ya'yanta, da ido ke ƙirga shida ko bakwai, sai ga su gommai. Wata kuwa ba daren sha huɗu ake fito masa ba, domin lokacin rana tana haska shi gaba da gaba, babu inuwa. Ana fitowa ne wajen daren bakwai ko takwas, sa'ad da inuwa ke kwance a bakin ramukansa da gindin duwatsunsa, ga shi kuma yana sama tun magariba, lokacin da titi ke cike da jama'a. Rana ce kaɗai ba a juya mata wannan madubi sai an rufe bakinsa da matacin haske na musamman, domin hasken da yake tarawa yana iya makantar da mutum nan take.