Hanyar Jirgi Daga Zariya Zuwa Ƙaura Namoda

Babu hanyar jirgin ƙasa a Augie, babu a Argungu, babu kuma a Birnin Kabi. Duk hanyoyin jirgin da aka shimfiɗa a zamanin Turawa, wadda ta fi kusa da ƙasar Kabi ita ce wadda ta tashi daga Zariya ta ƙare a Ƙaura Namoda.

Asalin abin daga kudu ne. A shekarar 1901 hanyar jirgi ta taso daga Ikko ta kai Badun. A 1907 aka soma wata daga Baro, bakin kogin Kwara, ta bi ta Zariya, ta isa Kano a 1911. Aka haɗa hanyoyin nan biyu, har a 1912 mutum ya iya tashi daga Ikko ya sauka Kano.

Da jirgi ya zo, sai cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Turawa suka ga ƙasar Katsina ta kudu da ƙasar Zamfara suna da albarkar gyaɗa da auduga, amma ba abin ɗauka sai jaki da raƙumi. Jaki kuwa ba ya ɗaukar abin da ya wuce mangala guda, ga shi sai ya yi kwanaki a hanya. Saboda haka aka fitar da reshe daga Zariya, aka nufi arewa maso yamma. Leburori suka sha aiki, suna sare daji, suna cike kwari, suna jera ƙarafa. A 1929 hanya ta isa Ƙaura Namoda.

Tsawonta ya fi mil 130. Daga Zariya ta bi ta Funtuwa, inda aka kafa injin gurzar auduga. Daga nan sai Tsafe, garin duwatsu, sai Gusau. Daga Gusau ta miƙe arewa kamar mil 30, ta tsaya a Ƙaura. A lokacin nan jirage da kwal suke tafiya, wanda ake haƙowa a Inugu. Kwal ya tafasa ruwa, tururi ya tura ƙafafun kan jirgi, shi kuma ya ja taragai.

Hanyar nan ba ta ƙarasa Sakkwato ba. Duk da haka amfaninta ya kai har bakin gulbin Rima. Fatake sukan ɗauko fatu da ƙiraga da gyaɗa a mota daga Sakkwato, su kai tashar Gusau. Daga can su komo da gishiri da kananzir da yadi da goro. Ta haka Gusau ta zama babbar alkarya, baƙi daga kudu suka zauna cikinta.

Daga baya aka yi ta zuba wa hanyoyin mota kwalta, manyan motoci suka karɓe dakon kaya. Aka kuma yi sakaci da gyaran ƙarafa da taragai, har zirga-zirgar jirage ta mutu. Manoma suka yi hasara, don kuwa jirgi guda yana kwasar kayan motoci masu yawa, kuɗin dakonsa kuma ya fi sauƙi.

A 2016 aka buɗe sabuwar hanya tsakanin Abuja da Kaduna. Ita ma, kamar ta Ƙaura, ba za ta daɗe ba sai an kula da ita. Hanyar jirgi dukiyar jama'a ce: ba a satar ƙarfenta, ba a kuma wasa a kanta.