Hasken Da Ke Gyaran Haƙori

A makon jiya na lura da wata yarinya a ajina ta dafe kunci, ta ƙi fita tara. Da na matsa mata da tambaya sai ta ce mini haƙori ne, kwana biyar ke nan ba ta barci, mahaifiyarta tana ta cusa mata kanumfari a kogon. Na ce, "To, me ya hana a kai ki asibiti?" Sai ta ce yayarta ta ba ta labarin allura da ƙarar injin da ke huda haƙori, gara ta haƙura da ciwon. Na san da yawa daga cikinmu manya ma wannan tsoron ne ke hana mu zuwa. Shi ya sa na ga ya kamata yau in ba ku labarin wani haske da ake kira leza.

Shi leza haske ne mai launi ɗaya, wanda ake tattara ƙarfinsa a kan ɗan ɗigo guda, ba ya bazuwa kamar na tocilan. Wani masani a Amurka mai suna Theodore Maiman ya fara ƙera na'urarsa a 1960. A 1990 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta yarda a yi aikin dasashi da shi, kana a 1997 ta yarda a yi aiki da wani nau'insa a kan haƙorin kansa.

To, yaya haske zai gyara haƙori? Ku sani akwai ruwa a jikin haƙori, kuma wurin da ya ruɓe ya fi mai lafiya ruwa. Idan likita ya haska wurin, sai ruwan ya zama tururi nan take, ruɓaɓɓen ɓangaren ya riƙa ɓarewa kaɗan kaɗan, sa'an nan a cike ramin. Babu girgizar da injin ke yi wa kai, ƙararsa kuma ba ta wuce ɗan ƙas-ƙas ba. In ramin ƙarami ne, sau da yawa ko allurar kashe zafi ba a bukata.

Amfaninsa ya fi bayyana a aikin dasashi. Yana yanka yana toshe ƙananan hanyoyin jini, saboda haka jini ba ya zuba sosai, wani lokaci ko ɗinki ba a yi. Da shi ake share dasashin da ya kumbura yana jini, ana kuma yanke linzamin harshen jariri da ya kasa kama nono, idan likita ya duba ya ga akwai bukata. Akwai ma wani mara ƙarfi da ake haska haƙori da shi don a gano ruɓa tun ido bai gan ta ba.

Amma kada ku ɗauka maganin kome ne. Ba a cire tsohon ciko na ƙarfe da shi, kuma akwai ayyukan da dole sai an koma ga injin. Likita da mara lafiya duka sai sun sa tabarau na musamman, domin hasken yana iya lalata ido. Na'urar kuma tana da tsada, ba kowane asibiti ke da ita ba. In kin je, ki tambaya. In babu, kada ki juya gida, domin allurar kashe zafi ta isa ta sa a yi miki aiki da injin cikin sauƙi.

Babban abin da nake so ku riƙe shi ne, ko da leza ko babu, ƙaramin rami shi ke da sauƙin gyara. Ba tsutsa ke cin haƙori ba, ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da ruwa mai tsami da ke cinye shi, kuma ramin da ya buɗe ba ya rufe kansa. Kanumfari zai lafar da zafi na ɗan lokaci, amma ruɓa tana nan tana ci har ta kai jijiya, daga nan sai babban aiki ko cirewa.

Don haka uwargida, ki riƙa duba bakin 'ya'yanki, ki rage musu alewa da lemon kwalba, ki tabbata sun goge haƙora safe da dare da buroshi da makilin, a haɗa da asuwaki. Ku kuma 'yan makaranta, da kun ji ruwan sanyi yana tsira muku haƙori, ku faɗa a gida tun da wuri. Ita ɗalibar tawa na je na ga mahaifiyarta, mun yi da ita ranar Litinin za a kai ta. Sai mun sadu a mako mai zuwa, ku huta lafiya.