Manhajar da ba ta aiki a kara ba ta gama haɗuwa ba

Duk wanda ya taɓa zama a kara ya san littafin nan da ake rubuta bashi a ciki. Mahauci ya ja bijimai uku, ya ba da rabin kuɗi, saura sai ya yanka ya sayar. Na mahaifina ruwan saman Legas ya taɓa jiƙa shi, shafi biyu suka dame, aka yi kwana biyu ana gardama da wani mahauci kan nawa ya rage. Abin da ya sa ni fara koyon haɗa manhaja ke nan, kuma tunda matasa da dama suna tambayata ta ina ake farawa, bari in faɗi abin da na gani da idona.

Harsuna uku ne tushen kowane shafin intanet. HTML shi ke tsara abin da ke kan shafin, CSS ya yi masa ado, JavaScript kuma shi ke sa maɓalli ya yi aiki in an danna. Ana koyon su kyauta a freeCodeCamp, in kuma ka maƙale ka duba MDN na kamfanin Mozilla. Wurin rubutu kuwa VS Code ya wadatar, na Microsoft ne, ba a biyan ko kwabo. Tsohuwar laftop ma ta isa. Kada wani ya ruɗe ka da sunayen manyan kayan aiki kafin ka iya waɗannan ukun.

Daga ranar farko ka buɗe asusu a GitHub ka koyi Git. Linus Torvalds ne ya ƙirƙiro Git a 2005, aikinsa shi ne ya riƙe tarihin duk canjin da ka yi, in ka ɓata abu yau ka koma yadda yake jiya. Ni sai da aka dawo da wuta da ƙarfi ta ƙona mini laftop da aikin wata guda a ciki sannan na ɗauki wannan da muhimmanci.

To mene ne wannan gajimare da ake ta faɗa? Ba wani abin al'ajabi ba ne, kwamfutocin wasu ne kake haya, kamar yadda ba sai ka mallaki tirela ba kafin ka kawo shanu daga Potiskum. Amazon da Google da Microsoft suna da manyan gidaje cike da kwamfutoci, kai naka ka ɗora kayanka ka biya gwargwadon abin da ka ci. In shafin talla ne kawai, sunan shago da hotuna da lambar waya, GitHub Pages ko Netlify za su ɗauke shi kyauta. In kuwa akwai ajiyar bayanai irin lissafin bashi, sai ka nemi rumbu. Ni Firebase na Google na ɗauka.

Dalilina shi ne sabis. Wanda ya zauna a ofis mai fanka da intanet mai gudu zai haɗa abu ya ga yana tashi kamar walƙiya, ya ɗauka ya gama. Kai shi tsakiyar kara ranar da motoci suka sauke kaya, a tsohuwar Android mai fasasshen gilashi, ka ga yadda zai tsaya yana ta juyawa. Dillali ba zai jira ka ba, zai ce a ɗauko biro. Rumbun Firebase, wanda ake kira Firestore, yana iya ajiye abin da aka rubuta a cikin wayar idan sabis ya ɗauke, ya aika da shi da kansa in ya dawo. Amma fa a shafin intanet sai ka kunna wannan da hannunka, ba ya zuwa a kunne. Sannan tun kana gida za ka iya gwadawa: buɗe Chrome, danna F12, a sashen Network akwai inda za ka rage gudun intanet ɗin zuwa na 3G ko ka kashe shi gaba ɗaya. In manhajarka ta rayu a nan, to ta kama hanya.

Hotuna su ne manyan masu cin data. Hoton sa ɗaya daga waya kan kai megabait uku ko huɗu, ka jera ashirin ka cinye wa mai saye datarsa kafin ya ga ƙahon na biyar. Ka matse su da Squoosh kafin ka ɗora.

Maganar kuɗi kuma a yi hattara. A JavaScript in ka haɗa 0.1 da 0.2 ba 0.3 zai ba ka ba, 0.30000000000000004 zai fito. Don haka kada ka ajiye kuɗi da ɗigo, mayar da komai kwabo ka ajiye cikakkiyar lamba, sai wajen nunawa ka raba da 100. Paystack ma, da ake karɓar kuɗi da shi a nan Najeriya, da kwabo yake so a aika masa adadi. Ka rubuta 5000 kana nufin naira dubu biyar, naira hamsin zai cire.

Akwai ramuka biyu da sababbi ke faɗawa. Na farko makullin sirri. Kamfanin biyan kuɗi ko na gajimare zai ba ka wasu dogayen haruffa da ke buɗe asusunka. Akwai na'urorin ɓarayi da ke yawo a GitHub dare da rana suna neman irinsu, saboda haka ka sa su a fayil daban, ka rubuta sunan fayil ɗin a cikin .gitignore don kada ya hau. In ya riga ya hau, gogewa ba ta isa ba tunda Git na riƙe da tarihi, sai dai ka soke makullin ka karɓi sabo. Haka in ka buɗe Firestore a yanayin gwaji, kwana 30 ƙofarsa a buɗe take ga kowa. Sunayen masu bashi amana ce, ka rubuta ƙa'idar wa zai karanta kafin ka zuba su.

Na biyu kuɗin haya. Tsarin kyauta na Firestore yana ba ka karatu 50,000 da rubutu 20,000 a rana, ya ishi ƙaramin ɗan kasuwa har ya yi saura. Ka zauna a kansa muddin ya ishe ka. Da ka koma na biya ka sa katin banki, da dala ake lissafi, kuma gargaɗin kasafin da za ka saita saƙo kawai yake turo maka, ba ya tsayar da cajin. Kuskure ɗaya da ke sa manhaja ta yi ta karanta rumbu ba tsayawa zai iya kwana yana ci maka kuɗi.

Kuma tunda da Hausa za mu rubuta, ka tabbata ka sa UTF-8 a saman shafinka, in ba haka ba ƙ da ɗ da ɓ za su iya komawa wasu alamomi marasa kan gado. Baba dai har yanzu yana riƙe da littafinsa a aljihun babbar riga, amma da yamma yakan ce, "Kai, duba wayar nan ka gaya mini nawa ya rage wajen mutanen kwata."