Tukunyar Damba: Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

Jama'a, watan Rabi'ul Awwal wata ne na baƙi a Tamale. Mu mutanen zango muna kiran bikinsa Maulidi, maƙwabtanmu Dagomba kuwa suna da Damba, wadda masu tarihinsu ke danganta farkonta da zamanin Naa Zangina, wajen shekarar 1700. Akan fara da Somo Damba, bayan kamar mako guda a yi Naa Damba, sannan a yi sallama da Belkulsi. A Kano ranar suna ce suke kira Takutaha, a Daura kuma cikin wannan wata ake yin Sallar Gani. Ko da yake ba kowane gida ke yin Maulidi ba, baƙin da suka shigo gari ba su tambayar ra'ayin mai gida kafin su yi sallama. Saboda haka maganar tukunya ta shafe mu duka.

Abin lura na farko shi ne watan ba ya zama wuri ɗaya. Kowace shekara yakan ja baya da kwana 10 ko 11. A 2023 ya kawo bikin ƙarshen Satumba, a 2024 tsakiyarta, a 2025 kuma farkonta. Rabon da a ga haka tun wajen 1991 da 1992. Wato bikin ya zo a bakin kaka, lokacin da sabuwar doya ta cika kasuwar Aboabo, gyaɗa ta shigo, ɗanyar kuɓewa da ayoyo suka yi araha. Amma shinkafar gida ba ta isa yanka ba sai wajen Oktoba zuwa Disamba, dawa ma haka. Duk wanda ya dage sai shinkafa safe da dare a irin wannan lokaci, to, ya zaɓi abin da ya fi tsada ya bar abin da Allah ya hore.

Shekarar 2024 ta isa darasi. Ruwa ya ɗauke a arewacin Gana cikin Yuli da Agusta, gonaki da yawa suka ƙone, har gwamnati ta hana fitar da masara da shinkafa da waken suya zuwa ƙasashen waje. Bikin kuwa bai jira kowa ba. Mun ga gidajen da suka ci bashi don kada a ce tukunyarsu ba ta kai ta maƙwabta ba, alhali a watan ne yara ke komawa makaranta. Mu da ke aji mun san ƙarshen labarin: yaro ya ci naman kwana biyu, ya yi wata guda ba littafin rubutu.

Iyayenmu mata ba haka suke yi ba. Sun gaji dabara daga fataken Gwanja, waɗanda ke tasowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga sayen goro, guzurinsu kuka da daddawa da ƙuliƙuli, abubuwan da ba su lalacewa a hanya. Inda suka sauka, abin da ƙasar ta ba su shi suke dafawa da miyar gida. Shaidar wannan tana bakin mutanen Gana har yau. Waakye da ake layi a kansa a Ankara da Kumasi, ai shinkafa da wake ne, har da karan dafi mai ba shi launi. Tuo zaafi tuwo ne mai zafi. Koose ƙosai ne, koko kuwa da sunanmu ake tallarsa. Su ma Dagomba sunan shinkafa daga bakinmu suka karɓe shi, kuma tsince ta a fada yana cikin al'adun Damba. To, ina dalili a ce abincin da ƙasa duka ta karɓa daga hannunmu, mu ne za mu ji kunyar ajiye wa baƙo shi ranar biki?

Ga shawarar da muke bai wa gidaje. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da ganin watan Safar, maigida da uwargida su zauna su ƙidaya bakin da za su ci: na gida, da baƙin da aka saba gani, da kwanukan da za a aika wa surukai da maƙwabta da malamin yara. Sannan a faɗi kuɗin da ke hannu, bayan an ware na makaranta. Busassun kaya, irin su wake, gero, kuka, daddawa, barkono da gawayi, a saye su da wuri, tun kasuwa ba ta ji ƙamshin biki ba. Ɗanyun kaya kaɗai za a bari sai jajibiri.

Da safe, koko da ƙosai ko waina sun wadatar, ba su kuma cin kuɗi. Da rana a daka sakwarar sabuwar doya, a yi miyar gyaɗa. Zabi biyu ko uku sun isa gida matsakaici, kuma an san wannan yanki da zabi. Da dare a tuƙa tuwo da miyar ɗanyar kuɓewa ko ayoyo, don tsofaffi ba su jin sun ci abinci sai sun ga tuwo. Maimakon lemon kwalba, a dama fura da nono, a dafa zoɓo da citta da kanumfari. Shinkafa kuwa a ajiye ta sai ranar suna, tukunya ɗaya mai kyau, a haɗa ta da wake don ta yi auki. Idan ana son nama mai yawa, gidaje biyar ko shida su haɗa kuɗi su yi watanda.

Haka kuma kada a kori yara daga madafa. Yarinya ta tsince wake, yaro ya riƙe taɓarya. A nan ne za su ji sunan ludayi da muciya da mara da Hausa, su ga yawan kanwar da kaka ke sa wa miya, abin da ba a rubuta shi a littafi ba. Gidan da ya sayo abincin biki a leda ya huta da hayaƙi, amma ya rufe wannan makaranta.

A ƙarshe, mu tuna watan yana nan yana ja baya. Nan da 2030 zai kawo bikin cikin Yuli, tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai shigo ba. Gidan da ya koyi auna tukunyarsa a shekarun doya ba zai ji kunya a shekarun ƙunci ba. Baƙo dai fuska yake fara dubawa kafin kwano. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya maimaita mana.